Rasuwar Uwar Kaset, Wadda Ba Ta Kai Ga Sunan Lukuman Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki wanda gajiya ta daɗe da samun wurin zama a cikinsa, Makaɗa Ɗahiru na Kambaza, mai gangar noma, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na ƙasar Gwandu da Kalgo, da direbobin da ke bin hanyar Jega, da duk wanda ya taɓa saka batir a rikoda don ya ji muryarsa, cewa Uwar Kaset ta Gayyar Malisa ta riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa ranar kasuwar Kalgo da ta wuce, da hantsi, a rumfar Abu Mai Kaset, cikin wannan shekara ta 1997, bayan doguwar jinya. Ta cika a gaban mai ita, yana kallo.

Ga wanda bai san ta ba, ko wanda ya sha jin ta bai san ita ce ba: marigayiya ita ce kaset na farko da aka ɗauki waƙar Gayyar Malisa a kansa, daga bakin Makaɗa kai tsaye, a tsakiyar gona. Duk wani kaset na wannan waƙa da ke yawo a duniya daga cikinta ya fito, shi ya sa masu sana'ar suke kiran irinta uwa. Baƙa ce, mai farar takarda a goshi, an rubuta sunanta da jan biro cikin ajami. Ba ta da wani kyau na a zo a gani.

An haife ta a daminar 1985, wadda ta zo bayan shekarun fari, lokacin da mutane suka ga gero ya miƙe har suka riƙa tsayawa suna yi masa magana. Ciyawa ta fi ƙarfin gidan Malam Abdulgani na Malisa, ya kira gayya a babbar gonarsa. Majiya ƙarfi suka taho daga Malisa da Kambaza da Dalijan, kowa da hauyarsa a kafaɗa, mata suka dama fura a manyan ƙore, aka aika wa Ɗahiru ya zo da gangarsa da 'yan amshinsa. Ana shirin farawa sai ga Abu, wani saurayi ɗan Kalgo mai sayar da kaset ɗin wa'azi da na waƙoƙin Indiya, ya diro daga bayan a-kori-kura rungume da rikoda.

Ya durƙusa ya ce, "Makaɗa, ka yarda in ɗauka? Muryarka za ta tahi inda ƙahwarka ba ta taɓa zuwa ba."

Ɗahiru ya dubi akwatin ya yi dariya. "Ɗauki, yaro, in akwatin naka na iya ɗaukar nauyinta."

Da wannan dariyar aka ƙulla komai, ba shaida ba goro.

Ƙa'idar kiɗan noma kowa ya san ta a wannan yanki, ko kuma a ce da kowa ya sani. Makaɗi ba ya farawa da gwani. Da na baya yake farawa, masu tsayawa gyara wando bini-bini, ya ɗan shafa musu mai a baki don kada su karaya su tafi gindin itace. Daga nan ya hau kan matsakaita. Gwarzon da ya riga kowa fita ƙarshen gona shi ake ajiyewa sai ƙarshe, a sauya kiɗa, a ba shi baiti nasa shi kaɗai, da sunan ubansa da na kakansa da gonakin da suka durƙusar. Gayya ba ta da lada sai tuwo da fura, don haka wannan baitin shi ne kaɗai abin da gwarzo ke komawa gida da shi, kuma shi ne abin da jikokinsa za su gada.

A ranar babu gardama kan wanda ya ci gona. Lukuman na Dalijan ne, aminin Ɗahiru tun suna yara suna kora awaki tare. Tun hantsi ya sunkuya bai ɗago ba, yana fita kuyyar noma yana shiga wata, maza suna hangen bayansa suna share gumi. Ɗahiru ya yi ta zuba sunaye yana jan rai, yana ajiye amininsa yadda ake ajiye tsokar nama a gefen akushi. Da la'asar ta gabato ya juya kiɗa, 'yan amshi suka yi shiru, ya ɗaga murya. Abin da marigayiya ta riƙe ke nan, kuma duk mai kunne a ƙasar nan ya haddace shi:

"Ku ja da baya in kira na ƙarshe,
Wanda yab bar maza suna kallon ƙeya tai,
Ciyawa ta gane shi ta yi kwance,
Ku ji sunan gwarzo, shi na..."

Ƙwas. Zaren kaset ya ƙare. Tun safe Abu yake ɗauka yana tsayarwa, ya riga ya juya ta tun azahar, ciki da baya duk sun cika, kuma bai zo da wata ba.

A gona ba wanda ya ji wannan ƙwas ɗin. Ɗahiru ya kira sunan Lukuman, ya bi shi da baiti mai tsawo wanda bai shirya ba, kalmomi suna zuwa masa da kansu, har shi kansa tsigar jikinsa ta tashi. Lukuman ya kafa hauya a ƙasa ya tsaya yana haki, idanunsa sun kaɗa. Kubura matarsa ta ajiye ƙwaryar fura ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe. Waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa jin Makaɗa ya kai wannan matsayi ba, kafin ranar ko bayanta. Abu kuwa ya leƙa rikodarsa, ya ga abin da ya faru, ya ja bakinsa ya tafi wajen tuwo.

Shaidar da za a yi wa marigayiya mai kyau ce, kuma Makaɗa ya roƙa a faɗe ta ba ragi. Ba ta taɓa ƙarya ba. Abin da ta ji shi take faɗi, ba ta ƙara ko wasali. Ta riƙe ƙarar hauyoyi suna faɗa wa jiƙaƙƙiyar ƙasa a tare, ta riƙe kukan wata kurciya da ta tsoma baki a tsakiyar amshi, ta riƙe muryar Ɗahiru lokacin da ƙirjinsa yake da faɗi. Mai haƙuri ce ƙwarai. Sau nawa ka ce ta maimaita za ta maimaita, ba ta neman ruwa, ba ta neman goro, ba ta zuwa da 'yan amshi masu buɗe ciki. Waɗannan kyawawan halaye nata su ne suka kashe wa mai ita kasuwa, amma ba a tonon silili a kan gawa.

Allah ya ba ta haihuwa. Abu ya sayi rikoda mai baki biyu, ya sa ta a baki ɗaya, ya riƙa sa sababbin kaset a ɗayan, tana zubo 'ya'ya safe da yamma. Direbobin manyan motoci suka kwashe su, fatake suka kwashe, har wani gidan rediyo ya mai da farkon waƙar abin buɗe shirinsa na manoma. To, farkon waƙa kuwa na wa ne? Na Mamman ne, taubashin Malam Abdulgani, wanda ya wuni ranar a gindin tsamiya yana gadin fura kada ƙuda ya faɗa. Shi Ɗahiru ya fara kira, bisa ƙa'ida, don shi ne na bayan na baya: "Mamman na Malisa, sannu da aiki." Mutanen nesa ba su san ƙa'ida ba, a wurinsu wanda aka fara ambata shi ne babba. Kafin shekara ta zagayo ana nuna Mamman da yatsa a kasuwanni, ana tare shi ana neman shawararsa kan taki da iri, shi kuwa yana bayarwa ba ko kunya. Gwarzon da ba a kai ga sunansa ba kuma kowane ƙauye ya samu nasa, kowa ya iya allonsa ya wanke.

Lukuman ya fara jin ta ne a kasuwar Kalgo, gaban rumfar Abu, cikin jama'a. Ya kai wake sayarwa, ya ji gangar amininsa tana tashi, ya ajiye buhu. Mutum ne marar yawan magana, amma ranar ya kasa daurewa, ya ce wa na kusa da shi su dakata su ji ƙarshe. Suka dakata. Ya tsaya har kiɗa ya juya, ya gyara tsayuwa, ya sunkuyar da kai irin na wanda za a yaba. Ƙwas. Wani ya ce, "To, baba, kai na 'shi na' ɗin?" Aka kwashe da dariya. Ya ɗauki buhunsa ya bar wurin.

Washegari ya yi sallama a zauren Ɗahiru, ya ƙi zama.

"Ɗahiru, ni kac cire?"

"Wallahi ban cire ka ba, Lukuman. Zaren na yaƙ ƙare."

"Zare ya ishi Mamman," in ji Lukuman. "Ni ɗai na bai isa ba."

Iyakar faɗan ke nan. Ba zagi, ba gaba ta fili. Idan sun haɗu a hanya suna gaisawa, a tambayi gida a tambayi gona, kowa ya wuce. Ɗahiru ya sha faɗin cewa da a ce Lukuman marinsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Kada wani ya ce Makaɗa bai yi ƙoƙari ba. Duk inda aka kira shi, gayya ko biki ko suna, sai ya yi waƙar har ƙarshenta na gaskiya, da sunan Lukuman da ubansa da kakansa. Sai samari su ɗaga hannu: "Makaɗa, ba haka take ba ga kaset! Wanga ƙari na." Mutumin da ya haifi waƙa da bakinsa, yara suna gyara masa ita da shaidar roba. Ya koma wa Abu, aka sake ɗaukar ta cikakkiya a cikin rumfa, aka yi wa marigayiya ƙanwa. Amma a rumfa babu hauya, babu guɗa, babu kurciya, sai ƙarar babura da mai tallan rake. Masu saye suka saurara suka ce jabu ce, a ba su ta asali. Ƙanwar ta mutu tun tana jaririya, Abu ya goge ta ya ɗora wa'azi a kai.

Daga nan magana ta ɓulla cewa ai rago Lukuman ya ba Makaɗa don a cusa shi cikin waƙa. Da maganar ta kai Dalijan, Lukuman ya aiko da saƙo gajere: Ɗahiru ya yi wa Allah ya bar kiran sunansa a taro, abin da ya rage masa na mutunci yana so ya mutu da shi. Ɗahiru ya bi umarni. Tun daga lokacin, in ya zo "shi na" sai ya dafe ganga ya yi shiru, samari su haɗa baki su ce "ƙwas!" su yi ta tafi. Ya zama mai kwaikwayon kaset ɗinsa, har kukan kurciyar akwai ɗan amshin da aka ba aikin yin sa. Abin yana ci masa rai, amma mai iyali ba ya fushi da masu gayyatarsa.

Su ma masu gayyatar ba su daɗe ba. Tarakta ta shigo, maganin feshi ya shigo, samari suka gano hanyar birni, gayya ta zama labarin da tsofaffi ke bayarwa. Manomin da ya rage a gona sai ya rataye rikoda a reshen gawo, ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayiya ya yi masa kiɗa, ya yi nomansa shi kaɗai yana jin ana yabon mutanen da bai sani ba. Gidan biki kuma janareta ya karɓe, da fiyano, da akwatin bidiyo. 'Yan amshin Ɗahiru suka watse, wani ya kama kabu-kabu a Birnin Kebbi, wani ya koma ɗinkin hula. Gangar noma ta hau bango a zaure, fatarta ta saki, gizo-gizo ya yi gida a cikin igiyoyinta. Muryar Makaɗa dai ta je inda ƙafarsa ba ta je ba, Abu bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, in murya ta iya hanya ba a ƙara neman mai ita.

A shekarar da aka yanke jihar Kebbi ne marigayiya ta dawo hannun Makaɗa. Abu ya miƙo masa ita a kasuwa ya ce, "Ga uwar, Makaɗa. Ta tsuhwa, ɗiyanta sun ishe ni aiki." Wani zai ɗauka jifa da ita zai yi a rijiya. Ina! Naɗe ta ya yi a tsohon kallabin matarsa Albarka, ya sa a aljihun gaba, ya dafe har gida. Ya sayar da tunkiya ya sayi rikoda ta hannu don ita kaɗai. Bayan sallar la'asar yakan zauna a zaure ƙarƙashin gangarsa ya kunna, ya lumshe ido, ya ji ƙasa tana da laima, ya ji maza suna numfashi tare, ya ji kansa. A duk duniya nan ne kawai ranar take a raye, kuma nan ne kawai shi da Lukuman suke gona ɗaya. Ya so ta, so na gaske, irin wanda mutum ke yi wa abin da ya cuce shi kuma ba shi da kamarsa.

Albarka takan leƙo ta ce, "Malam, wagga abar ta cinye ka ɗanye, kai ko kana shafa mata turare."

Yakan ce, "Bar ta, Albarka. Ita ɗai ta ba ta ce mini na tsuhwa."

Jinyarta ta faro a hankali. Rikoda ta tauna ta sau da dama, Makaɗa ya zaro zaren da tsinke, ya miƙe shi a cinya, ya naɗe da biro yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ta taɓa tsinkewa a wajen kurciya, aka ɗinke ta da jan farcen wata amaryar maƙwabta, kurciyar ta rasa rabin kukanta. Zafin bazara ya sa muryarta ta fara ja, gangar ta koma kamar ana kaɗa ta a cikin randa. Duk da haka tana tashi in an tashe ta, tana kaiwa inda ta saba kaiwa ta tsaya.

Ciwon ajalinta ya zo ne da kakar bana. Kubura ta taho Kambaza da ƙafarta, tsohuwa da ita, ta tsaya a ƙofar zaure ta ce, "Makaɗa, abokinka ya kwanta. Ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta hita. In kana da abin da za ka ba shi, yanzu na."

Ɗahiru ya kwana biyu yana juya maganar, sai dabara ta zo masa. Tunda jama'a ba su yarda da bakinsa ba sai da na uwar, to a ƙara wa uwar zare, ya ɗora baitin a jikinta ita kanta, daidai inda ta tsaya. A fitar da sababbin 'ya'ya daga gare ta, a kai ɗaya Dalijan a kunna a kunnen Lukuman, sauran a sake su kasuwa. Ya sauke ganga, ya kai aka ɗaure mata sabuwar fata, ya hau mota zuwa Kalgo.

Abu yanzu furfura ta fara fito masa, rumfarsa ta cika da kaset ɗin bidiyo, na waƙa sun koma kwali ɗaya a ƙarƙashin tebur. Ya ji bayani bai yi musu ba, wataƙila shi ma abin ya daɗe yana damunsa. Ya kwance marigayiya da ɗan ƙaramin sukudireba, ya yanko zare daga wani sabon kaset, ya haɗa da nata, ya mayar ya ɗaure. Ya kori yaran da suka taru, ya roƙi mai injin niƙa na kusa ya ɗan kashe. Ya mai da ita baya kaɗan don Makaɗa ya samu abin takawa, ya kunna. Ta ce, "Ku ji sunan gwarzo, shi na..." Abu ya danna jan maɓalli ya ɗaga wa Makaɗa hannu.

Ɗahiru ya buga ganga, ya buɗe baki, ya ce, "Lukuman." Ya sake cewa, "Lukuman." Daga nan babu komai. Hannunsa da kansa ya je ya dafe fatar ganga, kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

Ya ce, "Mai da ta baya, Abu. Ban shirya ba."

Aka mayar. Ta kawo shi bakin wurin ta ajiye, ya sake tsayawa. Sunan uban Lukuman ya sani, na kakansa ya sani, gonakin ma zai iya lissafa su, amma yadda ya ɗinka su ranar, da abin da ya sa Kubura ta ajiye ƙwarya, ya nema sama da ƙasa ya rasa. Baitin da aka hana shi fita ya gaji da jira ya tafi, bai yi sallama ba. Suna kuwa in babu kirari, kiran mutum ne kawai, ko mai bin bashin gishiri ya iya shi.

"Ƙara mai da ta baya. In nit taho da gudu zan tsallake."

Abu ya ce, "Makaɗa, zarenta ya yi laushi hwa. Mu bar ta ta huta."

"Mai da ta, na ce."

Haka aka yi ta yi, kowane karo ana ƙara ja da baya, tsoho yana gumi, tsohuwa tana ja masa waƙa da muryar da ke ƙara nauyi. A ƙarshe ya ce a koma farko ɗungurungum, a bi gonar tun daga bakinta. Abu ya mayar, ya kunna. Hauyoyi suka faɗi, ganga ta tashi, ta ce, "Mamman na Maliii..." sai aka ji wani ƙuuu, sai shiru. Da aka buɗe, zaren ya naɗe a ƙarfen rikoda, ya tattare, ya tsinke a wurare da yawa, baƙin jikinsa yana zuba a yatsa kamar toka. Abu ya duba ya duba, ya cire hularsa ya ajiye a tebur. Makaɗa bai yi kuka ba. Ya ce a ba shi ruwa, ya sha, ya zauna a kan benci har kasuwa ta fara watsewa.

Marigayiya ta rasu ta bar 'ya'ya da ba wanda ya san adadinsu, a motoci da shagunan shayi da akwatunan amare, daga nan har ƙetaren iyaka. Ta bar jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda aka kwafa daga kwafi, kowace zuriya murarta ta fi ta iyayenta, har akwai waɗanda ba ka jin komai a cikinsu sai shuuu da ɗan bugun ganga daga nesa. Dukkansu sun gaji halin uwarsu, inda ta tsaya nan suke tsayawa. Ta bar wani ɗan riƙo a birni, wanda wani yaro mai fiyano ya ɗauki karin waƙar ya ɗora masa kalaman soyayya, yanzu shi 'yan mata suka sani, kuma in sun ji ta asali cewa suke tsoho ya saci waƙar yaro. Ta bar Mamman cikin ƙoshin lafiya da suna mai kyau. Ta bar Abu, da mai ita, da kallabi guda.

Daga Kalgo Makaɗa bai wuce gida ba, Dalijan ya sauka. Ya kasa shiga wurin majinyaci, ya tsaya a zaure ya sa aka kira Kubura, ya gaya mata duk yadda aka yi, ya ce ya zo hannu wofi. Ta dubi gangar da ke rataye a kafaɗarsa.

Sai ta ce, "Ai shina da baitin."

"Wa?"

"Abokinka. Tun ranar, in shina noma shi ɗai, shi yaka yi ƙasa-ƙasa. In na kawo mishi hura yaj ji tahiyata sai shi yi tari shi bari, don kunya. Ni karin ɗai nis sani, ban taɓa kama kalmomin ba. Ko yanzu da yake kwance, wani lokaci sai in ga leɓensa na motsi, yatsan hannun mai lahiya na bugun tabarma. Na san shi na."

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. An tuntuɓi liman, ya ce roba ba a yi mata wanka ba a yi mata salla, kuma gaskiyarsa. Za a naɗe ta a kallabinta a rufe ta ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, a gefen gonar Lukuman da ke bayan gidansa a Dalijan. Ba a bukatar masu ɗaukar makara, aljihu ɗaya ya ishe ta. Daga nan za a wuce zaman makoki a ƙofar gidan, inda za a fito da Lukuman a shimfiɗa masa tabarma a inuwa.

Ana gayyatar duk wanda ya riƙe hauya a gonar Malam Abdulgani a waccan rana kuma yana da sauran numfashi, da matan da suka dama fura, da 'yan amshi in kabu-kabu ya bar su. Mamman ya aiko cewa zai zo, kuma zai tashi ya faɗa wa jama'a da bakinsa inda ya wuni, an gode masa. Abu ya nemi izinin zuwa da sabuwar rikoda, Makaɗa ya ce ya zo da kunnuwansa kawai, don karkataccen bakin Lukuman ba zai shiga kasuwa ba. Wannan hani ya hau kan kowa.

Makaɗa zai kaɗa a hankali, ya bi waƙar tun daga farko. In ya kai wurin, zai ajiye makaɗin ganga ya durƙusa ya kai kunnensa bakin amininsa. Abin da ya kama zai ɗaga shi da ƙarfi kowa ya ji, abin da bai kama ba zai jira. Ana roƙon jama'a su bar yara masu kuka a gida, masu babura su kashe tun daga bakin gari, masu tari su yi abinsu kafin a fara. A daure a zo da wuri, domin Kubura ta ce bakin ya fi motsi kafin rana ta faɗi, kuma ba kullum yake motsin ba.